GIMP 3 a shagon hoto: maganar ganin filta kafin ka danna OK

Shagona ƙarami ne nan Mabera cikin Sakkwato, fasfo nike ɗauka, ina gyaran hotunan biki, katin ɗaurin aure, kalanda, wani lokacin kuma a kawo tsohon hoto a ce in raya shi. Duk mai irin wagga sana'a ya san ba kai kaɗai kake kallon sikirin ba, mai hoto na tsaye bisa kanka, wani lokacin har da ƙanenshi da abokinshi, ga ɗan kabu-kabun da ya kawo su na bakin ƙofa yana leƙe, kowa da ra'ayinshi. Shi ya sa in anka tambaye ni wace manhaja ta fi, ni ba yawan filta, wato kayan da ke canza kamannin hoto, nike ƙirgawa ba. Tambayata ita ce, in na ja silaida na ƙara haske ko na rage, nan take zan gani bisa hoton ko sai na danna OK na zauna jira? In kuma na danna, gobe mai shi ya dawo ya ce an yi yawa, zan iya ragewa ko sai na sake aiki tun daga farko? Kan wanga ma'auni zan yi maganar GIMP 3, manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, don yanzu na daɗe ina cin abinci da shi.

Da farko yadda anka yi na faɗo GIMP. Kamar kowa nima da Photoshop na koyi aiki, irin wanda masu gyaran kwamfuta ke zuba ma mutum, kun dai gane. Tun 2013 Adobe sunka daina saida shi gaba ɗaya sunka koma kuɗin wata wata, da dala, kuma tun da anka saki naira a 2023 lissafin ya ƙara fin ƙarfin mai ɗaukar fasfo. Wanda wani ya zuba min na ƙarshe da ƙwayar cuta ya zo, hotunan biki biyu sunka salwanta, sai da na bi gida gida ina ba da haƙuri. Daga ranar nac ce na gama da kayan sata. GIMP kyauta ne halak malak, babu rajista babu biyan wata, wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, sunka faro shi a 1995, har yau kuma galibi 'yan sa kai ke riƙe da shi. Sau ɗaya za ka kashe data ka sauke shi, daga nan ko intanet babu yana aiki.

Gaskiya haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Lokacin 2.8 ne, wanda ya fito 2012. In ka buɗe filta kamar Gaussian Blur sai wani ɗan akwati ya fito da firibiyu a ciki, wato samfurin yadda hoton zai koma, ƙarami kamar kwalin ashana, ido ɗaya da rabin hanci kawai yake nuna maka, in kana son ganin baki sai ka ja hoton cikin akwatin. To ta yaya zan san yadda fuska dut za ta koma daga rabin hanci? Sai dai in danna OK, in duba, bai yi ba, Ctrl+Z, in sake buɗewa, in canza lamba, OK, bai yi ba, Ctrl+Z. Mai hoto na tsaye yana ganin kamar ban san aikina ba. Sati biyu na yi na goge shi.

Abinda ya dawo da ni 2.10 ne, na watan Afrilun 2018. Nan ne sunka maida mafi yawan filtocin kan sabon injinsu mai suna GEGL, kuma ma'anar haka a wurin irinmu ita ce kwalin ashana ya tahi, hoton kanshi shi ne firibiyu. Kana ja yana canzawa a gabanka, babba, yadda yake. Akwai ɗan akwatin Preview a ƙasa, ka cire alama ka ga na asali, ka maida ka ga gyararre. Sai kuma wanda na fi ƙauna a dut manhajar, Split view. In ka kunna shi layi zai raba hoton biyu, gefe ɗaya gyararre gefe ɗaya na asali, kuma layin ana jan shi da mawus duk inda kake so. Mutane da yawa ba su san wanga ba: in ka riƙe Shift ka danna layin ɓangarorin za su yi musanya, in Ctrl ka riƙe layin zai koma kwance maimakon tsaye. Ni kaina sai da na yi shekara ina aiki da shi kafin in lura, a can ƙasan sikirin rubutun ke fitowa ƙanana in ka ɗora mawus kan layin, wa ke kallon can.

Bari in ba ku abinda ya sa nike cewa layin nan ya fi filta ɗari.

Wata Hajiya dattijuwa ta zo da jikanta, ta kwance ƙullin leda cikin leda ta fiddo hoton maigidanta marigayi, baƙi da fari, irin na da can, ya karye a tsakiya an naɗe shi shekara da shekaru, gefe guda ruwa ya taɓa shi. So take a gyara a faɗaɗa a sa a firem. Na yi sikanin a 600 dpi, na bi karayar da Heal, abin goge tabo, a hankali har ta ɓace, wanga bai ba ni wahala ba. Sai sauran ɗigo-ɗigon da ke fuskar, tsufan takarda, nac ce bari in sa Noise Reduction in bi da Selective Gaussian Blur fuska ta yi sumul. Na ja silaida sama, a idona hoto ya yi kyau ƙwarai, kamar jiya anka ɗauka. Jikan ma cewa yake kai Oga ka iya. Na kunna Split view don in burge su, layin ya sauka daidai kan kumatun Alhaji, ina jan shi dama da hagu. Sai Hajiya ta matso da kujera, ta gyara tabarau, tac ce "Ɗana tsaya. Mi kay yi mai? Wanga ba Alhaji na ba, ina tsagatai?"

Ashe Bagobiri ne. Tsagar Gobirci ce a kumatunshi, ta dushe cikin tsohon hoton har na ɗauke ta cikin lalacewar takarda, filta kuma ba ta san tsaga ba ba ta san datti ba, dut ta share. A gefen asali ga layukan nan suna tashi daga gefen baki, a gefen gyara babu ko ɗaya, an maida bawan Allah wani mutum daban. Nac ce Hajiya yi haƙuri ban danna komi ba tukuna, gwaji na. Na dinga sauke lambar kaɗan kaɗan tana kallo, har inda tsaga ta dawo amma dattin ya ragu, ita da kanta tac ce "to nan, bar shi nan." Sauran ɗigon da hannu na bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ci min kusan awa biyu. Da irin na da ne mai kwalin ashana, wallahi da na danna OK na wanke na sa a firem, sai ta kai gida 'ya'ya sun taru sannan a gane an share ma mahaifinsu asali.

Wancan dut a 2.10 ne. Matsalar da ta rage lokacin ita ce da zarar ka danna OK magana ta ƙare, filta ta shige cikin hoton kamar gishiri a miya. Dabararmu sai dai a yi ta kwafin leya, wato shimfiɗar hoto da ake ɗorawa ɗaya bisa ɗaya, leya kafin haske, leya bayan haske, leya kafin kaifi, fayil ya yi ta kumbura kai kanka ka manta wace ce wace. Masu Photoshop sun daɗe da wuce nan, tun CS3 a 2007 suke da Smart Filters, kuma da wanga suke muna gori, da gaskiyarsu.

GIMP 3.0 ya fito watan Maris 2025, kusan shekara bakwai bayan 2.10, an sha jira kam. Babban abinda ya kawo shi ne yanzu in ka danna OK filta ba ta narkewa cikin hoton, tana zama ne bisa leyar kamar mayafi. Kusa da leyar za ka ga alamar fx, ka danna ta jerin duk filtocin da ka sa zai fito, kowace da ɗan idonta na kashewa da kunnawa, kana iya buɗe ta ka canza lamba, ka ɗaga wata sama ka sauke wata ƙasa, ko ka jefar da ita gaba ɗaya. In ka adana a XCF, wato fayil ɗin GIMP na kanshi, ko bayan wata guda ka buɗe suna nan yadda ka bar su. Ashe firibiyu ɗin bai ƙarewa kenan, ko bayan OK kana cikin gwaji.

Ranar da na san darajar wanga, amarya ce da ƙawayenta sunka zo zaɓen hoton kalanda. Yarinya baƙa kyakkyawa masha Allah, amma tun da ta zauna take cewa Oga ƙara haska ni, ƙawaye na zuga ta, ƙara, ƙara dai. Ni a raina ba na son wanga abu, mun maida hasken fata kamar shi ne kyau, har mutum ya biya kuɗɗi a canza mai kamanni, amma mai kuɗɗi shi ke da hoto, na ja Curves, abin daidaita haske, har inda sunka ce ya yi. Washegari da sassafe sai ga yayar ango da hoton a waya, ko gaisawa ba mu gama ba tac ce "Malam wagga wace ce? Dangi na ƙauye za su ce ba ita anka kawo ba." A da wanga aikin awa guda ne, don bayan hasken na gyara gyale, na goge wayar lantarki da ta ratsa bango, na sa rubutu da kwanan wata. Yanzu kuwa fx na danna, na buɗe Curves, na sauke shi rabi tana kallo, sauran aiki ko motsi bai yi ba. Minti biyu. Yadda sunka ƙare da amarya a gida ban sani ba, ni dai na rabi anka wanke.

Wata dabara da na samu, filta tana hawa kan rukunin leya ma. Hoton taro in na yanko mutum huɗu daga hotuna daban daban na haɗa, sai in zuba su rukuni guda in ɗora Color Temperature bisa rukunin, launinsu ya daidaita lokaci guda, ba sai na bi kowa ba.

To yanzu inda yake ciwo. Mayafin nan yana da nauyi. Laftof ɗina HP ce ta hannu, Core i5 tsohuwa, da RAM gig 4 na saye ta daga baya na ƙara ta koma 8. Filta ɗaya ko biyu lahiya lau. Amma ka tara huɗu biyar bisa hoton kyamara babba, musamman in akwai bula mai dusasar da hoto ko Noise Reduction a ciki, sannan ka ɗauki buroshi ka ce za ka goge ƙurji, duk shafa ɗaya sai kwamfuta ta sake lissafa filtocin nan dut a wurin, sai ka ga hannunka ya wuce hoto na biyo shi a baya, yana cikowa murabba'i murabba'i kamar ana jera tayil. Ku haɗa da zafin Sakkwato na watan Afrilu da ake haura digiri 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, laftof na kan batir tana huci kamar injin markaɗe. A irin wanga yanayi firibiyu ɗin da nike yabo shi ke zama abin haushi, ka ja silaida ka ƙirga ɗaya biyu uku kafin ya amsa, ka wuce inda kake so ka dawo ka sake wucewa.

Maganin da na samu biyu ne. Na farko tsarin aiki, in gama duk gogegoge da Heal da Clone tukuna, filta daga ƙarshe, in kuma dole in koma gogewa sai in kashe idanun filtocin na ɗan lokaci. Na biyu, a ƙasan akwatin kowace filta akwai Merge filter, in ka sa mai alama za ta narke cikin hoton irin na da. Fasfo dut haka nike musu, wa zai dawo gobe ya ce a rage kaifin fasfo. Kuma a sani, GIMP 3 sai Windows 10 zuwa sama, masu shagunan da har yanzu ke kan Windows 7, kuma suna da yawa garin nan, sai dai su tsaya kan 2.10, shi ma ba laifi, Split view na ciki, fx ne babu. Fulogin, wato ƙarin kayan aikin da ake ɗora ma manhaja, waɗanda anka rubuta ma 2.10 kuma ba su hawa kan 3 sai an sabunta su, in akwai wanda ka dogara da shi ka bincika kafin ka goge tsohon.

Sai magana mai muhimmanci wadda na koya da kuɗɗina: firibiyu na iya yi maka ƙarya, kuma ba laifin manhaja ba ne. Wata islamiyya ta ba ni aikin fileks na walimar sauka, yara sun kai talatin a hoto guda, kowa da farar hula. Don in ga hoton dut a sikirin na rage zum zuwa wajen kashi 25, na buɗe Sharpen wanda ake kira Unsharp Mask, ina ja ban ga wani canji ba, na ƙara, na ƙara, har na ga ya ɗan fito. Anka buga fileks mai faɗin bango, na je karɓa, kowane yaro da farin zobe kewaye da kai da kunnuwa, fuskoki kamar an yayyafa musu yashi. Abinda ya faru shi ne a kashi 25 ɗigo goma sha shida na hoton ake matsewa cikin ɗigo ɗaya na sikirin, kaifi kuwa a bakin ɗigo yake aiki, don haka ɓarnar tana nan ido ne bai ganinta. Da aljihuna na sake bugawa. Tun ranar duk filtar da ta shafi kaifi ko datti sai na danna 1 a kibod, zum ya koma kashi 100, in duba ido da bakin hula, sannan Shift+Ctrl+J in koma ganin hoton dut. Abin daɗi ana iya yin zum ɗin akwatin filta na buɗe. Amma da ni ne masu GIMP da na sa ɗan gargaɗi a akwatin Sharpen, ko layi ɗaya, cewa malam zum ɗinka bai kai ɗari ba. Sabon shiga ba zai taɓa sanin haka ba sai ya ƙone.

Ƙarya ta biyu ta sikirin da takarda ce. Sikirin fitila ne, takarda kuwa sai an haska ta, don haka duk abinda ka gani a laftof zai fito da ɗan duhu, kuma baƙar fata ta fi shan wahala. Mutum ya sa farar shadda anka ɗauke shi da rana tsaka, kyamara ta bi hasken riga fuska ta nutse, a nan Shadows-Highlights ke ceto na, yana ɗago fuska ba tare da ya ƙone aikin wuyan riga ba, kuma da Split view kana ganin daidai inda zare ya fara ɓacewa ka tsaya. GIMP na da abin kwaikwayon takarda a sikirin, a 3 ma sun sauko da maɓallinshi kusurwar ƙasa, sai dai yana buƙatar fayil ɗin launi na injin da zai buga, ni kuwa ban taɓa samun wanda ya ba ni shi ba. Don haka hanyar gargajiya nike bi, in wanke ɗan ƙarami guda in fita waje in duba da hasken rana, in ƙara abinda ya rage. Masu aikin buga kati da yawa kuma su sani har yanzu ba a aiki kai tsaye cikin CMYK, tsarin launin injin buga takarda, sai dai wurin fitarwa a maida shi, shi ya sa kati da fosta har gobe CorelDRAW ke riƙe da kasuwar.

Akwai yaron da ke koyon aiki wurina, ɗan yayata ne, ya gama sakandare yana jiran jarabawa. Shi a waya ya tashi, Snapseed, PicsArt, PixelLab, kafin in kunna laftof ya gama hoto uku. Ranar farko da na buɗe mai menu na Filters ya kalla ya kalla yac ce "Kawu to ina hotunan?" Na ce wane hotuna, yac ce a waya kowace filta da ɗan hotonka a ƙasa ka ga yadda za ka koma kafin ka taɓa, nan kuwa sunaye ne zalla. Kuma yaron ya fi ni gaskiya. Mi ne ne Bloom, mi ne ne Softglow, mi ya raba Median Blur da Mean Curvature Blur? Ko wanda ya yi turanci a jami'a sai ya buɗe ɗaya bayan ɗaya ya gani. Wanga shi ne babban giɓin da ya rage a ganina, GIMP ya iya nuna maka filtar da ka riga ka zaɓa, bai iya taimaka maka ka zaɓa ba. A Snapseed ka ɗora yatsa ka riƙe ka ga na asali, ka saki ya dawo, ko tsohuwa ta gane wanga ba sai an koya mata ba.

Abinda ya ɗan rage zafin, in ka san sunan, danna / a kibod ka rubuta harafi uku na farko zai fito maka da ita, ba sai ka bi menu cikin menu ba. Ctrl+F na maimaita filtar ƙarshe da lambobinta, Shift+Ctrl+F na sake buɗe akwatinta. Sai Presets a saman akwatin, yana tuna lambobin da ka yi amfani da su a baya da kanshi, in ka danna alamar + kuma ka ba su suna. Nawa da Hausa na sa musu, akwai Fasfo, akwai Amarya, akwai Farar shadda, akwai Hazo na hotunan lokacin hunturu da komi ke fitowa fari fat kamar an bi shi da toka. Yaron yanzu sunayen nan yake bi, bai damu da lambobi ba.

Wani abin da ke ɓata rai, ba dut filtocin ne sunka samu wanga gata ba. Kana cikin jin daɗi sai ka buɗe Despeckle ka ga kwalin ashana ya dawo. Na cikin Decor kuwa irin su Old Photo ko kwalin ma babu, lambobi ne kawai da OK, ka danna ka yi addu'a. Manhaja guda hali uku, kuma daga menu sabon shiga bai san wace zai tarar ba sai ya buɗe.

G'MIC na sa mai don in cike giɓi, fulogin ne na kyauta da wani mai bincike a birnin Caen na Faransa, David Tschumperlé, ya faro, filtoci sama da 500. Tagarshi daban take buɗewa, jerin sunaye da wurin bincike, kana sauka kan suna firibiyu na canzawa a gefe, ka ga ko ba komi an samu saurin lalube, waɗanda ka fi so kuma ka ware su sama. Abinda ya burge ni, in ka taɓa zum na firibiyu ɗin wata 'yar alamar gargaɗi na fitowa cewa abinda kake gani mai yiwuwa ba daidai yake da sakamako ba. Gargaɗin da na ce ina ma GIMP na da shi kenan. Illarshi firibiyu ɗin cikin tagarshi yake ba bisa hoton ba, wasu filtocin kuma a tsohuwar kwamfuta sai ka je ka sha shayi ka dawo.

Ƙananan abubuwa: sikirin ɗina inci 14 ne, akwatin filta in ya buɗe sau da yawa kan fuskar mutum yake sauka sai na ja shi gefe, in na danna Tab sauran allunan su ɓuya in samu fili. Silaida kuma ta cika gudu ga wanda hannunshi bai saba ba, ka nufi 2 ka tsinci kanka a 40, ni lambar nike rubutawa ko in bi da kibiyar kibod.

Firibiyu ɗin da ba a cika yabo ba kuma kullum ina cin moriyarshi shi ne na wurin fitar da JPEG. Ɗalibai na zuwa da fasfo za su ɗora a fotal na makaranta ko na neman aiki, an ce kada ya wuce KB kaza, wani 50 wani ma 20. A akwatin fitarwa akwai inda za ka sa alama ya nuna maka hoton yadda zai koma, girman fayil ɗin kuma na rubuce, kana sauke Quality lamba na sauka fuska na gabanka, ka tsaya daidai inda ya shiga ƙa'ida bai farfashe ba. Lokacin rajista layi har waje, wanga kaɗai ya isa in riƙe GIMP. Sai dai a kiyaye, Ctrl+S ba ya ba ka JPEG, XCF kawai yake adanawa, tun 2.8 haka sunka tsara, JPEG sai Export As, Shift+Ctrl+E. Yarona sau biyu yana tura ma kwastoma XCF a WhatsApp, mutum ya kira ya ce hoto ya ƙi buɗewa.

To in saya ko kar in saya, ai ba saye ake ba. Mai shagon hoto da ke gyaran fuska da launi da tsofaffin hotuna, kwamfutarshi na da Windows 10 da RAM gig 8, ya sauke 3 ya ba shi sati biyu, satin farko zai yi ta tsaki don hannu ya saba da wani wuri, na biyu zai lafa. Mai gig 4 ya zauna kan 2.10.38 ko ya riƙa sa Merge filter. Wanda aikinshi bai wuce sitatus da fosta ta gaisuwar Juma'a ba ya bar wayarshi ta ci gaba da yi mai, ta fi sauri nesa. In maki ne, bakwai cikin goma nike ba shi, ukun da na riƙe na nauyi ne da rashin ƙananan hotuna a menu da tsofaffin filtocin da anka bari a baya.

Jiya ma jikan Hajiyar nan ya dawo da wani hoton, na kakarshi tana budurwa wanga karon, da saƙo daga bakinta cewa a gaya ma yaron nan kada ya taɓa mata huska sai ta zo da kanta. Na yi sikanin na ajiye, Asabar za ta shigo.